Fashin baƙi: Inda manhajar zane take maƙalewa tsakanin kwamfaila, linka da fayilolin DLL

Harshen C bai san taga ba, bai san linzami ba, bai san launi ba. Haka ma C++. Abin da suka zo da shi bai wuce lissafi, karanta fayil da fitar da rubutu a baƙin allo ba. Don haka duk wanda yake son buɗe taga ya zana da'ira dole ya nemi laburaren da wasu suka rubuta, irin su SDL, SFML, GLFW ko raylib. A nan ne mai koyo yake cin karo da jajayen saƙonni alhali kod ɗinsa ba shi da laifin komai. Sai ya shiga intanet, ya kwafo wannan layi daga can, ya jefa wancan fayil nan, har abin ya tashi ba tare da ya san abin da ya gyara ba. Mako mai zuwa a wata kwamfutar kuma a koma gidan jiya.

Maɓallin nan guda da ake dannawa don gina manhaja a tashe ta a Code::Blocks ko Visual Studio ayyuka uku yake ɓoyewa, kuma kowane aiki da fayil ɗin da yake nema da wurin da yake dubawa. Kwamfaila, wato mai fassara kod zuwa harshen inji, yana neman fayilolin heda, masu ƙarewa da `.h`. Linka, wato mai haɗa guntayen, yana neman `.a` ko `.lib`. Windows kuma, lokacin da aka tashi manhajar, yana neman `.dll`. Babu wanda yake tambayar ɗan'uwansa inda ya samo nasa. Wanda ya iya gane wanne daga cikin ukun nan ne yake kuka ya gama da mafi yawan wahalar.

Za mu ɗauki SDL2 a kan Windows a matsayin misali, don a nan aka fi shan wuya. Sam Lantinga ne ya fara fitar da SDL a 1998, SDL2 ya fito a 2013, kuma yawancin darussan da ke yawo a kansa aka rubuta su.

Kafin a taɓa laburare

A fara sanin kwamfailan da ake aiki da shi. Kwamfuta ɗaya takan tara kwamfailan GCC biyu ko uku: wanda ya zo da Dev-C++, wanda ya zo da Code::Blocks, da wani tsohon MinGW da aka manta da shi a `C:\MinGW`. A buɗe cmd a rubuta `where gcc`, na saman jerin shi ne yake amsawa idan aka kira. Sannan a rubuta `gcc -dumpmachine`. Idan amsar ta fara da `x86_64`, mai bit 64 ne. Idan `i686` ko `mingw32` kawai ta fito, mai bit 32 ne. A riƙe wannan amsar, za ta yi amfani sau da yawa a gaba.

Hanyar da ta fi tsafta a yau ita ce MSYS2. Yana zama a `C:\msys64`, yana da manajan kaya mai suna pacman, kuma kwamfaila da laburare duk daga tushe ɗaya suke fitowa, saboda haka ba a samun saɓani tsakaninsu. Bayan girkawa za a ga tagogi da dama a jerin manhajoji: MSYS, MINGW64, UCRT64, CLANG64. A buɗe UCRT64, a sabunta da `pacman -Syu`, sannan a rubuta:

`pacman -S mingw-w64-ucrt-x86_64-gcc mingw-w64-ucrt-x86_64-SDL2 mingw-w64-ucrt-x86_64-pkgconf`

Wannan dogon sunan da ke gaban kowane kunshi yana da aiki. Wanda ya girka `mingw-w64-x86_64-SDL2`, babu `ucrt` a ciki, kayansa za su sauka a foldar `mingw64`, kuma kwamfailan UCRT64 ba zai taɓa leƙa can ba. Wanda kuma ya rubuta `pacman -S gcc` zalla zai sami kwamfailan da ke ƙera manhajoji masu dogaro da `msys-2.0.dll`, ba shi ake nufi ba.

Kwamfaila da heda

Heda kamar takardar lissafin kayan lefe ce: an rubuta atamfa kaza, leshi kaza, amma akwatunan suna wani gida. A cikin `SDL.h` da 'yan'uwansa an faɗi cewa akwai aiki mai suna `SDL_CreateWindow`, ga abin da yake karɓa, ga abin da yake mayarwa. Ainihin kod ɗin da ke buɗe tagar ba ya ciki. Kwamfaila ba ya buƙatar fiye da haka. Yana juya `wasa.c` zuwa `wasa.o`, ya bar gurbi a duk inda aka kira aikin SDL.

Kukan wannan mataki ɗaya ne: `fatal error: SDL.h: No such file or directory`. Maganinsa tutar `-I`, wadda ke nuna foldar da za a duba. Inda ake tuntuɓe shi ne haɗuwar abin da aka rubuta a kod da abin da aka bai wa `-I`, domin kwamfaila manna su yake yi wuri ɗaya. Idan kod ya ce `#include <SDL.h>`, dole hanyar ta kai har cikin `include/SDL2`. Idan ya ce `#include <SDL2/SDL.h>`, dole ta tsaya a `include`. Aka haɗa na biyu da hanyar farko, kwamfaila zai je neman `include/SDL2/SDL2/SDL.h`, wanda babu shi a duniya.

Masu VS Code su lura da wani tarko. Fayil ɗin `c_cpp_properties.json` ba ya taɓa kwamfaila ko kaɗan, aikinsa kawai ya sa editan ya daina ja wa `#include` jan layi. Umarnin da ake gudanarwa da gaske yana cikin `tasks.json` ko Makefile ko CMake. Shi ya sa za a ga jan layi ya ɓace amma ginin ya ƙi, ko gini ya yi lafiya lau jan layi yana nan daram.

Don a tabbatar wannan mataki ya wuce shi kaɗai, a yi amfani da `-c`:

`gcc -c wasa.c -IC:/msys64/ucrt64/include/SDL2`

Idan `wasa.o` ya fito, an gama da heda. Duk kukan da zai biyo baya ba nata ba ne, kuma ƙara taɓa `-I` ɓata lokaci ne.

Linka, inda yawancin rigimar take

Aikin linka shi ne cike guraben da kwamfaila ya bari. Tutoci biyu yake saurara: `-L` tana nuna folda, `-l` tana faɗin sunan laburare. Sunan ana yanke masa kai da jela: `-lSDL2` na nufin a nemo `libSDL2.dll.a`, in babu a nemo `libSDL2.a`. Na farkon ƙaramin fayil ne da ke cewa ayyukan suna cikin `SDL2.dll`, a neme su lokacin tashi. Na biyun kuwa ɗauke yake da kod ɗin gaba ɗaya, wanda za a cusa cikin manhajar.

Saƙonni biyu ne a nan, kuma ba abu ɗaya suke faɗi ba. `cannot find -lSDL2` na nufin linka ya nemi fayil bai gani ba, matsalar `-L` ce ko kuskuren suna. `undefined reference to SDL_Init` na nufin ba a ma ce masa ya nema ba, ko an faɗa masa a wurin da bai dace ba.

Batun wurin da ya dace shi ne abin da darussa da yawa suke tsallakewa. Linkan GNU daga hagu zuwa dama yake karanta umarni, yana riƙe da jerin sunayen da ake bin sa bashi. Idan ya iso kan laburare, abin da ke cikin jerin a wannan lokacin kawai yake ɗauka, ya wuce, ba ya waiwaye. To idan aka rubuta `gcc -lSDL2 wasa.c`, lokacin da ya iso SDL2 jerin fanko ne, bai ɗauki komai ba. Da ya iso `wasa.o` bashi ya taru, laburaren kuma an baro shi a baya. Ƙa'idar ita ce mai buƙata a hagu, mai biyan buƙata a dama.

Wannan ce ta haifi sanannen jerin nan da ake kwafa ba tare da an san dalilinsa ba:

`gcc wasa.c -o wasa.exe -IC:/msys64/ucrt64/include/SDL2 -lmingw32 -lSDL2main -lSDL2`

Ga abin da ke faruwa a ɓoye. Hedar SDL2 tana sauya sunan `main` ɗinka zuwa `SDL_main` ba tare da ta sanar da kai ba. Manhajar ta rasa `main` ke nan. `libmingw32.a` yana da wani `main` na ko-ta-kwana wanda ke kiran `WinMain`. `libSDL2main.a` shi ke da `WinMain`, wanda ke shirya abin da ya kamata sannan ya kira `SDL_main`, kuma yana buƙatar ayyukan da ke cikin SDL2. Kowanne yana bin na damansa bashi. GCC da kansa yana ƙara `-lmingw32` a ƙarshen layi, amma a lokacin an riga an wuce SDL2main, sai a sami `undefined reference to WinMain`. Wannan saƙon yana ruɗa mutane ƙwarai, don babu inda suka rubuta WinMain a kod ɗinsu.

Ɗan'uwansa shi ne `undefined reference to SDL_main`. Wannan yana fitowa a C++ idan aka rubuta `main` babu komai a cikin bakansa. SDL2 yana sa ran ganin `int main(int argc, char *argv[])` daidai yadda yake, ko da ba za a yi amfani da su ba. Wanda ba ya son wannan sauyin suna zai iya rubuta `#define SDL_MAIN_HANDLED` kafin `#include`, ya kira `SDL_SetMainReady` kafin `SDL_Init`, ya cire `-lmingw32` da `-lSDL2main`.

Ba dole ba ne a haddace tutocin. A cikin tagar UCRT64, pkg-config ya san su:

`gcc wasa.c -o wasa.exe $(pkg-config --cflags --libs sdl2)`

Sai dai yana ƙara `-mwindows`, wadda ke hana baƙin allo buɗewa, sai duk abin da `printf` ya rubuta ya ɓace. Lokacin gwaji a ƙara `-mconsole` a ƙarshen layin, don a nan ake ganin abin da `SDL_GetError` yake faɗi.

Wanda ya sauke kunshin SDL2 da hannu zai tarar da iri biyu: mai `mingw` a sunansa da mai `VC`. Na VC na Visual Studio ne. A cikin na mingw akwai folda biyu, `i686-w64-mingw32` da `x86_64-w64-mingw32`. Mutane da yawa suna ganin `w64` a sunan ta farko su ɗauka ta bit 64 ce, alhali ta bit 32 ce. Farkon sunan ake dubawa, a gwada shi da amsar `-dumpmachine`. Aka saɓa, linka zai ce `skipping incompatible` sannan `cannot find`, ko kuma ya zubo `undefined reference` a kan kowane aiki kamar ba a ba shi laburare ba.

A Code::Blocks, `-I` da `-L` suna ƙarƙashin Build options, shafin Search directories, ɗaya a Compiler ɗaya a Linker. Sunayen laburare suna Linker settings, kuma jerin daga sama zuwa ƙasa shi ne hagu zuwa dama. A Visual Studio wurare uku ne: Additional Include Directories, Additional Library Directories, da Additional Dependencies inda ake rubuta `SDL2.lib` da `SDL2main.lib`. LNK1104 shi ne fayil bai samu ba, LNK2019 shi ne gurbi bai cike ba, LNK4272 kuma gargaɗi ne cewa an haɗa x86 da x64. A saman tagar saitin akwai zaɓin Debug ko Release da na x86 ko x64. Wanda ya cike saiti a Debug kaɗai, ranar da ya koma Release zai tarar da wayam.

Laburaren da aka rubuta da C, irin SDL da GLFW, suna da haƙuri da bambancin sigar kwamfaila. Na C++ irin SFML ba su da shi, domin yadda ake murɗa sunayen ayyuka da yadda ake tsara abubuwa irin `std::string` a ƙwaƙwalwa ya dogara da kwamfailan. Shi ya sa masu SFML suke nanata cewa sigar kwamfaila ta dace da wadda aka gina kunshin da ita. Idan babu mai dacewa, a ɗauko daga pacman ko vcpkg, ko a gina da kai.

Manhaja ta ginu amma ta ƙi tashi

Yanzu `wasa.exe` ya fito. Aka danna shi sau biyu, Windows ya ce bai ga `SDL2.dll` ba. Tutar `-L` ba ta da tasiri a nan, linka ya gama nasa ya tafi. Windows yana da nasa tsarin nema: foldar da manhajar take, sannan foldojin tsarin Windows, sannan foldar da ake tsaye a ciki, sannan hanyoyin da ke cikin PATH, wato jerin foldojin da aka saita masa ya riƙa dubawa. Manhaja takan tashi a tagar UCRT64 ta ƙi tashi a waje saboda tagar tana da `ucrt64/bin` a PATH ɗinta.

Gyaran da ya dace shi ne a kwafi `SDL2.dll` a ajiye kusa da `wasa.exe`. Jefa shi cikin System32 ɗabi'a ce mara kyau, haka ma sauke DLL daga shafukan da ke raba su ɗai-ɗai, don ba a san sigarsu ba balle abin da aka cusa a ciki. Akwai ma abin dariya a tsarin Windows mai bit 64: System32 na fayilolin bit 64 ne, SysWOW64 kuma na bit 32. Wanda ya bi suna zai ajiye kowanne a gidan ɗan'uwansa.

Sakamakon irin wannan saɓani shi ne lambar `0xc000007b`. Ma'anarta a mafi yawan lokuta ita ce manhaja mai bit 64 ta ɗauko DLL mai bit 32, ko akasin haka. Ba lallai SDL2 ne mai laifin ba, wani tsohon DLL da ke cikin PATH zai iya shiga gaba. Don ganin abin da manhajar take nema:

`objdump -p wasa.exe | grep "DLL Name"`

A jerin za a iya ganin `libstdc++-6.dll`, `libgcc_s_seh-1.dll` da `libwinpthread-1.dll`. Waɗannan na kwamfailan ne, kuma su ne dalilin da manhaja take aiki a kwamfutar mai ita ta mutu a ta malami ko ta abokin ciniki. Ko a kwafe su tare da manhajar, ko a ƙara `-static-libgcc -static-libstdc++` don a cusa biyun farko a ciki. A gwada a kwamfutar da ba a taɓa girka MSYS2 ba kafin a miƙa wa kowa.

Hotuna ma suna da nasu. Idan `IMG_Load`, aikin loda hoto na laburaren SDL_image, ya ce bai ga `hoto.png` ba alhali ga shi kusa da manhajar, foldar aiki ce ta bambanta: Visual Studio daga foldar aikin yake tashin manhaja, ba daga inda `.exe` yake ba. `SDL_GetBasePath` yana bayar da ainihin inda manhajar take, sai a gina hanyar hoton daga nan.

Linux da Mac a taƙaice

A Ubuntu da Debian, `sudo apt install build-essential pkg-config libsdl2-dev` ya wadatar, kuma layin pkg-config ɗin nan na sama yana aiki yadda yake. Jelar `-dev` ce mai muhimmanci, ita ke kawo heda. Idan laburare yana wata folda ta daban, `ldd ./wasa` zai nuna `not found`, kuma `-Wl,-rpath,'$ORIGIN'` lokacin haɗawa yana sa manhajar ta duba foldarta, abin da Linux ba ya yi da kansa. A Mac, Homebrew yana ajiye kaya a `/opt/homebrew` a injinan Apple Silicon, a `/usr/local` kuma a na Intel, don haka hanyar da aka kwafo daga tsohon darasi takan faɗi.

Batun graphics.h

Har yanzu akwai darussan zane da ake koyarwa da `graphics.h`, wanda asalinsa na Turbo C ne na kamfanin Borland, na zamanin DOS. A Windows ana amfani da kwaikwayonsa, WinBGIm, da tutoci shida: `-lbgi -lgdi32 -lcomdlg32 -luuid -loleaut32 -lole32`. Abubuwa uku ke kayar da ɗalibai. Dole fayil ya ƙare da `.cpp`, don hedar tana jawo kayan C++. Kwafin da ya fi yawo yana da kuskure a layi na 302, inda aka rubuta `int right` sau biyu, na farkon `int top` ya kamata ya zama. Sannan `libbgi.a` ɗin da ke tare da shi mai bit 32 ne, alhali Code::Blocks 20.03 na yau da kullum da kwamfaila mai bit 64 yake zuwa. Idan malami ya wajabta shi, a girka kwamfaila mai bit 32 dominsa. Idan zaɓi na hannun ɗalibi ne, lokacin da zai kashe a kansa ya fi amfani a SDL ko raylib.

SDL3 da OpenGL

SDL3 ya fito a Janairun 2025, kuma kod ɗin SDL2 ba ya ginuwa a kansa kai tsaye. Babu SDL3main, sai dai a sa `#include <SDL3/SDL_main.h>` a fayil ɗin da ke da `main`. Mafi haɗari shi ne `SDL_Init`: a SDL2 sifili yake mayarwa idan ya yi nasara, a SDL3 kuwa `true` yake mayarwa. Tsohon gwajin da ke cewa in ba sifili ba a fita zai ginu lafiya, sannan ya rufe manhajar daidai lokacin da komai ya yi kyau.

OpenGL, wato hanyar zane ta katin hoto, a Windows yana da wani mataki na huɗu. `opengl32.dll` ayyukan siga 1.1 kawai yake bayarwa, duk abin da ya zo bayan nan yana cikin direban katin hoto, kuma sai manhaja ta tashi ake tambayar adireshinsa. Wannan ne aikin GLAD da GLEW. Da GLAD, dole a sa `glad.c` cikin fayilolin da ake ginawa, in ba haka ba `undefined reference to glad_glClear` da ire-irensa za su fito. Dole hedarsa ta riga ta GLFW ko ta OpenGL shiga. Kuma dole a kira mai loda ayyukan bayan an buɗe taga an kafa mahallin OpenGL, ba kafin nan ba. Wanda ya kira `glGenBuffers` kafin lodawa yana kiran adireshin sifili ne, manhajar za ta mutu nan take babu saƙo.

Idan komai ya yi daidai amma taga ta ƙi buɗewa da aka nemi siga 3.3, a duba injin. Tsofaffin kwamfutocin hannu da ake sayowa na hannu, masu Intel HD Graphics 3000, a 3.1 suke tsayawa a Windows, babu saitin da zai ɗaga su. A nemi siga ta ƙasa don tagar ta buɗe, sannan a buga abin da `glGetString` yake bayarwa na `GL_VERSION` da `GL_RENDERER`. Idan aka ga `GDI Generic` da 1.1.0, ba a girka direban katin ba ne, abin da ke yawan faruwa bayan an sake zuba Windows. A nan sai a nemo direba daga shafin Intel, AMD, Nvidia ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a sake kunna ta, a sake buga lambar sigar.